Bindigar Baba Ba Ta Tashi

Litinin, 23 ga Agusta, ƙarfe shida da kwata na safe

Likitan da ke birnin Lubbock ne ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da Baba ya ci, da lokacin da ya kwanta, da abin da ya manta. To ga littafi na saya. Jiya Baba ya ci wake da burodin masara, ya kwanta da wuri, abin da ya manta kuma shafi ɗaya ba zai ɗauka ba. Abin da ni nake so in rubuta shi ne ƙanena Royce ya zo daga garin Odessa, ya ci abincin rana, ya rushe min ginin da na yi wata takwas ina yi, ya goge baki ya koma.

Ga ginin. Katin lasisin da ya ba Baba izinin yawo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga zai ƙare ranar tara ga Satumba, ranar da zai cika saba'in da tara. Takardar tunin sabuntawa ta zo, na jefa ta a shara, kuma ban ji kunya ba. Baba mutumin takarda ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da darasin neman wannan lasisi a zauren coci duk Asabar, rabin masu kati a gundumar nan shi ya sa musu hannu. Ya sha faɗa a gaban ɗalibai cewa ranar da katinsa ya mutu, a ranar bindigarsa za ta shiga durowa. Na san shi, ko sunana ya ɓace masa wannan ba zai ɓace ba. Ba faɗa, ba ƙwace, ba sai na dubi idonsa na maimaita masa abin da likita ya faɗa min ba. Kwanan wata kawai nake jira ya yi min aikin.

Da aka yi dokar nan watannin baya, wadda ta ce daga ɗaya ga Satumba wanda ya kai ashirin da ɗaya, in ba shi da laifi a kansa, zai iya soke bindiga a ƙugu ba lasisi ba darasi, Baba ya zage ta tas a gaban talabijin, ya ce an ba makaho tuƙi. Bayan kwana biyu ya manta an yi ta. Ni kuwa na daina kunna labarai a gidan.

Jiya muna tebur ya ciro katin yana jujjuyawa, ya ce, "Nadine, saura kwana nawa?"

Royce da cokali a baki ya ce, "Baba, ka daina damun kanka da wannan 'yar roba. Daga Laraba ta sama ba a buƙatarta."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Yaya, ƙafata ce fa."

Baba ya ce, "In ji wa?"

"In ji doka. Gwamna ya sa hannu." Har ya buɗo a waya, ya ƙara masa girman rubutun don ya gani da kyau. Baba ya bi da yatsa layi-layi, ya ce, "To, in doka ce." Ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya rubuta da manyan baƙaƙe: ƊAYA GA SATUMBA, BA SAI DA KATI BA. Abin da ya rubuta da hannunsa kuwa ba ya musu da shi.

A bakin mota na tambayi Royce ko ya san abin da ya yi. Ya ce, "Haƙƙinsa ne. Lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai. Ke da kike zaune da shi kullum kin fara ganin abin da babu." Wato mai zuwa sau ɗaya a wata shi ya fi ni gani.

Laraba, 25 ga Agusta, sha biyu da rabi, a shago

Wadda zan gyara wa gashi a gaba ba ta zo shagona ba tukuna. Yau da safe na tsaya a ƙofar ɗakinsa ina kallo. Wando, bel, kube, bindiga, sannan takalmi, haka yake yi tun ina 'yar makaranta. Takalmin ya sa na dama a hagu. Amma bindigar, ya zare gidan harsasai, ya leƙa cikinta, ya mayar, ya soke, duk kafin in ƙifta ido sau biyu. Hannun nan bai manta komai ba, kuma wannan ne yake hana ni cin abinci.

Dogayen bindigogin suna wurin Royce tun bara, ya ara don farauta, ƙiwa ta hana shi dawo da su. Shi ne amfani ɗaya da ƙiwarsa ta taɓa yi min. Makullin mota ma na karɓe tun watan Mayu da sunan ya ɓata. Saura wannan guda ɗaya.

Sau biyu ya kira ni Maxine, sunan Mama. Shekara shida ke nan da rasuwar Mama.

Juma'a, 27 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Ya ci ƙwai biyu. Ya tambaye ni tun yaushe nake aiki a gidan nan.

Lahadi, 29 ga Agusta, bayan coci

Jiya na yi wauta. Yana wanka na ɗauke bindigar daga kan durowa, na naɗe a tawul, na kai shago na tura bayan kwalaben rinin gashi. Na ce zai neme ta yini ɗaya ya haƙura, kamar yadda ya yi da makullin mota.

Kafin in dawo ya zazzage gidan. Katifa a ƙasa, fulawa a ƙasa, akwatin Mama da ba mu taɓa buɗewa ba tun rasuwarta a wangale. Shi kuma yana tsallaken titi a ƙofar Kawu Chevo, da ƙarfen kwance taya a hannu, yana kiransa ɓarawo. Kawu Chevo Tamez fa, wanda suka yi soja tare, wanda ya ɗauki akwatin gawar Mama a kafaɗarsa, wanda duk bindigar da ta lalace a garin nan garejinsa ake kaiwa. Yana tsaye da singileti, ba abin da yake cewa sai, "Del, shigo ka sha kofi." Matarsa tana bayan labule da waya a kunne.

Na koma shago a guje, na dawo na ce na tsince ta a ƙarƙashin kujerar mota. Baba ya karɓa, ya leƙa cikinta, ya soke, ya dubi Kawu Chevo ya ce, "Yaya gwiwar taka?" Kawu Chevo ya ce da sauƙi. Ni yake kallo lokacin da ya amsa.

Ba zan sake ɓoye ta ba.

Laraba, 1 ga Satumba, biyar na yamma

Tun da gari ya waye ake harbi. Yau aka buɗe farautar kurciya, duk shekara haka gonakin dawa suke ɗauka, ban taɓa kulawa ba. Bana duk ƙarar da na ji sai almakashi ya tsaya a hannuna, in ɗauki waya in kira gida. Sau huɗu na kira. A na huɗun ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema ne?"

Charlene, matar mai gidan mai, ta zo rini. Ko zama ba ta yi ba ta buɗe jaka ta nuna mana wata 'yar mitsitsiya mai launin hoda. "Kyautar mijina Dwight ce, wai tunda yanzu ba sai na je na zauna aji ba."

Na ce, "Kin taɓa harba ta?"

"Ai ba sai na harba ba. Ɓarawo ya gani ma ya ishe shi."

Inna Verna, ƙawar Mama, tana ƙarƙashin na'urar busar da gashi, ba ta jin kanta shi ya sa komai da ƙarfi take faɗa. Ta ce, "Charlene, ke da ba ki iya ajiye mota a gaban banki ba sai kin hau dakali? Rufe jakar nan kafin ki huda wa Nadine madubi, ba ta da wani." Aka yi dariya, har da ni.

Da shago ya yi shiru ina taje mata gashi, sai ta ce, "Yaya Delbert?"

"Lafiya lau."

"Ranar Lahadi sau uku ya gaishe ni."

"Mutum ne mai ladabi, Inna."

Ta kama wuyan hannuna ta cikin zanen da na lulluɓa mata. "Ni na yi miki wanka kina jaririya tare da uwarki, 'yar nan. Ba ni za ki yi wa wannan ba." Na ce mata gashinta yana son a rage bakinsa.

Juma'a, 3 ga Satumba, tara na safe

Mai duba mitar wuta ya shigo ta bayan gida kamar yadda yake yi duk wata. Ina wanke kofuna sai na ga Baba a ƙofar baya, ya ɗage riga, hannunsa a kan ƙotar bindiga.

"Akwai mutum a bayan gida."

"Mai mita ne, Baba."

"Wa ya ce masa ya shigo?"

Na tsaya a gabansa na ce kofinsa zai huce. Mutumin ya gama rubutu, ya ɗago mana hannu, ya fita yana fito, bai san komai ba. Bai zare ba. Ina so in rubuta wannan sosai, bai zare ba, hannu kawai ya ɗora. Kofi biyu na fasa bayan nan.

Litinin, 6 ga Satumba, huɗu na yamma

Yau hutu. Baba ya ci gasasshen nama ya yi barcin rana, bindiga a kan durowa kusa da haƙoran robarsa. Na ɗauka na tsallaka titi, ƙafata ba takalmi.

Kawu Chevo ya ji ni har ƙarshe. Ya ce a cikinta akwai wani siririn ƙarfe, allura suke ce masa, shi yake sarar gindin harsashi bindiga ta tashi. In aka cire, Baba zai gane, tunda duk yammacin Lahadi sai ya warware ta ya goge. Amma in aka rage bakin allurar da magagari, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ido ba zai gani ba, kuma ba za ta kai ga harsashi ba.

Na ce, "To yi, Kawu."

Ya ce, "Shekara arba'in ina gyara su su tashi. Ban taɓa lalata ta mutum a bayan idonsa ba, balle ta Del."

"Mai mita yana da 'ya'ya uku."

Ya sa tabarau, ya kunna fitilar tebur. Minti ashirin ya yi, ni ina bakin gareji ina gadin tagar ɗakin Baba. Da ya gama ya auna cikin durom ɗin yashi ya ja kunama. Ƙas kawai ta yi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, na daɗi ne.

Yana miƙo min ya riƙe bai saki ba. "'Yata, ki ji ni. Wannan ya tsare mutane daga Del. Bai tsare Del daga mutane ba." Na ce to, na gode. Agogo nake kallo, kada Baba ya farka.

Alhamis, 9 ga Satumba, bakwai na yamma

Saba'in da tara. Na yi masa kek na gyaɗar fikan irin na Mama. Royce bai zo ba, ya aiko da kyauta ta gidan waya, sabon kube na fata. Allah ya shirye shi.

Da safe Baba ya ciro katin ya karanta, ya ce, "Yau ya mutu." Ya buɗe durowa ya ajiye katin a hankali, ya duba ɗan littafin aljihunsa, ya gyaɗa kai, ya soke bindiga a sabon kube. Da a ce makon jiya ne da na haukace. Yau kuwa na yanka masa kek babba. Kwana uku ke nan ina barci kamar mutane.

Lahadi, 12 ga Satumba, yamma

Ya warware ta, ya goge, ya haɗa, bai ce komai ba. Yau lafiya.

Talata, 14 ga Satumba, shida na yamma

Dwight ya zo ɗaukar Charlene, ya tsaya a ƙofar shago yana ba da labarin wasu mutum biyu da suka yi cacar baki a kan layin mai a wani gari, ɗaya yana asibiti yanzu. Ya ce, "Ni dai wanda ya kai hannu ƙugu a gabana, ba zan tsaya tambayarsa sunan uwarsa ba. Yanzu kowa yana da ita. Wanda ya riga zaro tasa, shi zai koma gida."

Sai a lokacin maganar Kawu Chevo ta iso kunnena, bayan kwana takwas. Na ba tsoho mai rikicewa abin da yake kama da bindiga, yake zaruwa kamar bindiga, na sake shi a garin da ba ka san abin da ke ƙarƙashin rigar kowa ba. Garin neman gira zan rasa ido. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Hanya ɗaya na gani, mutane su sani. Baba kuwa ko da aka yi masa aikin zuciya cewa ya yi a ce ya tafi kamun kifi.

Na rufe shago na tafi gidan Inna Verna. Ta ji, ba ta ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Ina da ina yake zuwa?" Na lissafa: shagon abincin dabbobi na Hollis, wurin shan kofi, gidan waya, coci. Ta ce, "Ki bar min matan, ke ki ji da mazan. Kafin Juma'a ko karen garin nan ya san ta Delbert ba ta tashi."

Hollis Tackett yana cikin ɗaliban Baba na ajin farko. A bayan shagonsa, tsakanin buhunan dusa, na faɗi sunan abin da bakina karo na farko. Ba zan rubuta shi a nan ba. Hollis ya cire hula ya yi ta juya ta a hannu, ya ce, "Mista Haskew?" kamar akwai wani uban nawa daban. Na ji kamar na cire wa Baba riga a tsakiyar titi.

Asabar, 18 ga Satumba, uku na rana

Muna dawowa daga wurin shan kofi Baba ya ce, "Mutanen garin nan kirkinsu ya yi yawa kwanan nan. Kowa buɗe min ƙofa yake. Wani namu ya mutu ne ba a faɗa min ba?" Na ce ba wanda ya mutu.

Maganar ta kai Odessa. Royce ya kira yana huci. "Kin mai da shi abin tausayi. Mutumin da ya koya wa garin nan riƙe bindiga, kin sa yana yawo da ta wasan yara kowa yana kallonsa."

"Zo ka ɗauke shi mako ɗaya."

"Kin san yadda aiki yake, Yaya."

"Na sani."

Abin da ban faɗa masa ba, masaukin bakin hanya cike yake da baƙi, ma'aikatan da ke kafa manyan fankokin samar da wutar lantarki daga iska a yamma da gari. Da rana suna shigowa sayen abinci. Su ba su san Inna Verna ba, ba su san Baba ba, kuma ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba.

Talata, 21 ga Satumba, yamma

Kowa yana raye. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Laraba, 22 ga Satumba, goma na safe

Ban buɗe shago ba. Zan rubuta sau ɗaya, daga nan ba zan ƙara ba.

Jiya da tsakar rana mun je wurin Hollis sayen abincin kaji. Ina kan kanta Baba ya ce zai jira ni a mota. Motarmu farar akori-kura ce. Farare biyar ne a filin, ban lura ba sai daga baya. Minti ɗaya na ba shi baya.

Sai na ji muryarsa, muryar aji, wadda ba ta rawa. "Fito daga motata."

Na fito. Wani saurayi da rigar aiki mai ruwan ɗorawa yana zaune a motarsa, tasa ce ta kansa, ƙofa a buɗe, burodi a hannu. Baba yana taku goma daga gare shi, ya riƙe ta da hannu biyu, ƙafafu a ware yadda yake koyarwa. Saurayin ya saki burodin, ya cusa hannu ƙarƙashin riga, ya fito da tasa.

Na ji ƙas.

Baba ya ja bayan bindigar, harsashi ya faɗo ya gangara ƙarƙashin mota, wani ya hau, ya sake aunawa. Haka ya koya wa mutane su yi in ta ƙi tashi. Na sake jin ƙas.

Ban san ina da murya irin wannan ba. Na ce, "Ba ta tashi! An lalata ta, ba shi da lafiya, kada ka harbe shi!" Kuma na faɗi sunan abin, da ƙarfi, a gaban kowa, a gabansa.

Hollis ya wuce ni. Tasa tana ƙugunsa, bai taɓa ta ba. Ya shiga tsakaninsu da tafukan hannu a buɗe yana cewa, "Dube ni, samari. Ni za ka duba. Tasa ba ta tashi, duk garin nan mun sani." Bakin bindigar saurayin yana yawo, daga Baba zuwa Hollis zuwa ni.

Baba ya sauke tasa. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, kuma ya san ko ni wace ce, na ga haka a idonsa. Sannan ya dubi saurayin ya ce, "Cire yatsanka daga kan kunama. Mai da bakinta ƙasa." Saurayin ya yi yadda aka ce. Ya zame ya zauna a ƙasa ya yi amai.

Ɗan sandan da ya zo shi ma ɗalibin Baba ne, sai yallaɓai yake ce masa yana karɓar bindigar. Ya ja ni gefe ya ce saurayin sunansa Jace Fontenot, daga Louisiana, kwana goma ke nan da sayen tasa, bai taɓa harba ta ba. Ya ce saurayin ma ya ja kunama. Ɗan makullin da ke hana ta tashi ne bai san ana turewa ba. Da ya taɓa zama ajin Baba ko na Asabar ɗaya, da yau ina zaɓen akwatin gawa. Ban san inda zan ajiye wannan ba. Za su kira mu, bindigar kuma ba za ta dawo ba.

A gida ya zauna a teburin kicin, kube ba kowa a ƙugunsa. Hankalinsa garau, rabon da in gan shi haka tun bara. Ya ce, "Chevo ne?"

"Ni na sa shi."

"Allura?"

"Eh."

"Aiki mai kyau ya yi. Sau biyu na goge ta ban gani ba." Ya ɗora hannu a kan kuben. "Na ja, Nadine. Sau biyu. Ƙirjinsa na auna."

"Na ji."

"Tun yaushe kika sani, abin da kika faɗa a can?"

Na ce tun Janairu. Na faɗa masa komai, takardar da na jefar, mai mita, ranar da ya je ƙofar Kawu Chevo da ƙarfen taya. A nan ne ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe ya ce, "Gobe zan tashi in neme ta, ko?" Na ce ina jin haka. Ya ce in ɗauko masa jakar aji a saman kabad.

A ciki akwai ragowar takardun da yake cike wa ɗalibi sakamako. Ya zaro ɗaya, ya sa tabarau, ya rubuta sunansa a wurin ɗalibi. A wurin sakamako ya rubuta BAI CI BA. A ƙasa ya rubuta: ya auna mutumin da bai tantance ba, ya ja kunama sau biyu, kada a ba shi bindiga, kada ya nema. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu a wurin malami. Ya kai ɗaki da kansa ya manna a kan durowa, daidai inda take kwana.

Yau da safe na tsaya a ƙofa. Wando, bel, sannan ya miƙa hannu, hannun ya sauka a kan takarda. Ya karanta a tsaye, ya zauna a bakin gado ya sake karantawa. Bai tuna komai ba. Ya ɗago ya ce, "Na kashe wani?"

"A'a, Baba."

"Kin tabbata?"

"Ina wurin. Yana nan lafiya."

Ya yi kuka, irin na tsofaffi, ba ƙara. Sannan ya ɗaga takardar kusa da ido ya ce, "Hannuna ne. Ban taɓa kayar da kowa a banza ba." Ya sunkuya yana neman takalmi.

Alhamis, 23 ga Satumba, bakwai na safe

Ya sake tambaya. Na ce a'a. Ya sake kuka, sabo fil, kamar yau aka faɗa masa.

Juma'a, 24 ga Satumba, bakwai da rabi na safe

Jiya da rana yana barci na shiga in cire takardar. Na ce gara ya zazzage gidan da in riƙa kallon wannan duk safiya, ba zan iya ba. Na ɓamɓare gefe ɗaya sai na ga akwai rubutu a bayanta, ban san lokacin da ya yi ba. Ƙanana ne baƙaƙen, sun karkace: Nadine, za ki so ki cire. Kada ki cire.

Na mayar na danne da babban yatsa.

Ya tashi yanzu, ina jin ƙarar bel ɗinsa. Bari in je in tsaya a ƙofa.